Mukullin da Na Ƙi Miƙawa

Na san abin da ake faɗa muku game da shekarar da aka rufe bankinmu, domin ni ma yana dawowa kunnena. Gwaggonku cewa take yi taurin kai ne ya raba ni da aikin banki, wasu kuma a Fagge har gobe gani suke akwai abin da na binne. Ba na jin haushin kowa, don ni da abin ya faɗa wa ma ban gama gane kansa ba. Amma tunda ƙafa ta fara nauyi gara ku ji daga bakina, musamman ke Ummi, da ba ki ci nanin ba nanin ta ci ki.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. Ni ne babban kashiya a reshenmu da ke bakin Sabon Gari, 'yar tafiyar ƙafa daga Kasuwar Singa. Muna haya a Fagge a gidan Alhaja Mulika, Bayarabiyar da aka haifa a unguwar, mai sarin madara da sukari da taliya. Ke Ummi kina aji huɗu a makarantar kuɗin nan ta wajen tashar jirgi, kuma ke ce ta ɗaya a ajinku. In na dawo aiki sai kin tare ni a zaure kin karanta mini Turanci, ina gyara miki abin da ni ma ban tabbata ba. Albashina ne yake riƙe da wannan makaranta, ba wani abu ba.

Ƙofar ɗakin ajiyar kuɗi mukulli biyu gare ta, kuma ba ta buɗuwa sai an zura su tare. Ɗaya yana hannuna, ɗaya yana hannun akantanmu, Oga Emeka, haifaffen Sabon Gari wanda in yana Hausa a bayan labule sai ka rantse ɗan cikin birni ne. Ranar da aka ba ni nawa, wani tsohon sufeto daga hedikwata ya sa na maimaita ƙa'ida har sau uku: mukullan nan biyu ba sa haɗuwa a hannun mutum ɗaya, ko manaja ne, ko mai bankin ne da kansa, kuma ba a miƙa mukulli sai a cikin rajistarsa, mai bayarwa ya sa hannu, mai karɓa ya sa hannu. Ni kuwa kun san halina, in aka ce mini kaza ne, to kaza ne har a tashi duniya. Na kai wa wani baduku ya ɗinka masa 'yar jakar fata, ina rataya shi a wuya ƙarƙashin singileti. Mahaifiyarku takan ce ko wanka zan shiga sai na nemi izininsa.

Wata Litinin na sauka daga acaɓa na tarar da 'yan sanda a ƙofar banki, an zagaye ƙyauren da sarƙa, an datse da kwaɗo, an manna takarda da Turanci. Abokan aikina suna tsaye cirko-cirko, kowa da kwat da laktaye. Na karanta takardar sau biyu. Ta ce an karɓe lasisin banki, ma'aikata su jira umarni. Ba ta ce an kore mu ba, ba ta ce muna nan ba. Sallayata da butata da filas ɗin shayina duk suna ciki, kuma wallahi su na fara tunawa kafin in tuna albashi. Akwai wasu mutum biyu baƙi da aka ce daga hukumar da ke sa ido kan bankuna suke. Na matsa wajen babbansu, na ciro jakar fatar na nuna masa.

"Ranka ya daɗe, ni ne mai mukulli ɗaya. Wa zan ba?"

"Riƙe abinka," in ji shi, ko kallona bai yi sosai ba. "Mu rufewa kawai aka aiko mu. Akwai tawagar da za ta zo karɓar mukullai."

"Yaushe za su zo?"

"Za a sanar da ku."

Washegari Manaja ya sayo littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ja layi da biro, ya ajiye a teburin mai shayin da ke ƙarƙashin darbejiya a tsallaken titi. Ya ce tunda ba a sallame mu ba, duk wanda bai sa hannu ba shi ya ajiye aiki da kansa, kuma ya yafe haƙƙinsa ke nan. Ko a ina ya samo wannan dokar, oho, amma duk muka bi. Kullum ƙarfe takwas saura muna nan tsaf da gugarmu, mu sa hannu, mu zauna a benci muna kallon ƙofar da muka saba shiga, ƙarfe huɗu mu sake sa hannu mu watse. Mai shayin ma har ya fara kiranmu "reshen darbejiya".

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne labarai. Zamanin soja in an yanke abu murya ɗaya za ka ji a rediyo, ka san an gama, ka tafi ka yi kukanka. Yanzu kuwa an ce mulkin doka ake yi. Yau a ce masu banki sun kai ƙara, gobe a ce kotu ta ce a buɗe, mu yi ta murna har wani ya saya wa kowa shayi da ƙwai. Jibi a ce an ɗaukaka ƙara, kowa ya tsaya inda yake. Manaja ne kaɗai mai wayar salula a cikinmu, da ta yi ƙara sai mu miƙe gaba ɗaya, ashe matarsa ce take tambayar cefane. Sauran bankunan layin su ma ba su tsira ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. 'Yan Singa da 'yan kasuwar Kwari suka yi ta dogon layi suna kwashe ajiyarsu, wasu suka koma cusa kuɗi a bayan katan-katan a shago. Ma'aikatan waɗancan bankunan da muke cin abinci tare, in sun hango mu sai su sake hanya, kamar masu gudun kamuwa da cuta.

A gida kuwa ga Alhaja Mulika. Ni na kai ta bankin nan da ƙafata, ni na cike mata takardu, jarinta kusan duka yana ciki. Kwana uku ta yi tana amsa gaisuwata da ka. Ran Lahadi da hantsi ta yi sallama a ƙofar ɗakinmu, ta ci ɗauri, jaka a hammata.

"Nasiru, ɗana, ba kai ne mai mukulli ba?"

"Ni ne, Alhaja."

"To ni ba na son na kowa. Nawa kawai za ka buɗe ka ɗauko mini, sai ka mayar ka rufe musu abinsu."

Na yi mata bayanin mukulli biyu ne, nawa shi kaɗai ba ya buɗe komai. Ta saurara tsaf, ta ce ina ɗayan? Na ce yana wajen Oga Emeka a Sabon Gari. Ta ce, "Ah, to ai da sauƙi. Sa takalminka." Ban san yadda zan ƙi ba, ga uwa, ga mai gida, ga kunya ta ishe ni. Ta tare tasi muka tafi. Muka tarar Emeka ya dawo daga coci ke nan, matarsa ta kawo mana lemo mai sanyi. Alhaja ta ce kowa ya fito da nasa ta gani. Muka ajiye mukullan biyu a kan tebur, ta dube su, ta dube mu.

"To ga su nan sun haɗu. Me kuma ya rage?"

"Mama," in ji Emeka, "akwai sarƙa a ƙofar waje, akwai ɗan sanda da bindiga. In muka taɓa wannan ƙofar, ni da Nasiru kurkuku za mu ƙare, ke kuma ba za ki ga ko kwabo ba."

"To kuɗina yana ciki ko ba ya ciki?"

Ni na buɗe baki in ce yana ciki, Emeka ya buɗe baki ya ce ba haka banki yake aiki ba, kuɗin ajiya ba ya zama wuri ɗaya, ana juya shi. Ta ce wa ya ba mu izinin juya mata kuɗi? Shekarata goma sha biyu a banki, amma ranar na kasa yi wa tsohuwar nan bayanin inda kuɗinta yake, don ni ma da na duba zuciyata ban sani ba. Ta shanye lemonta, ta yi wa matar Emeka godiya, muka dawo gida.

Wata na uku da rufewa, albashi ya tsaya, shugabar makarantarku ta aiko da takarda ta biyu kan kuɗin makaranta. Sai Allah ya kawo wata hanya. Wani sabon banki zai buɗe reshe a kusa da Kwari, suna neman waɗanda suka san 'yan kasuwa. Ni da Emeka muka je intabiyu, aka ɗauke mu mu biyu. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: kowa ya kawo takardar sallama daga tsohon wurin aikinsa cikin mako biyu, mai nuna ya miƙa duk abin da ke hannunsa. Ranar na dawo gida da tsire, na ce da mahaifiyarku ta kwantar da hankalinta, makarantar Ummi ta tsira.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Na je wa Manaja da maganar a ƙarƙashin darbejiya, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce takarda mai tambarin banki tana ciki, hatimi yana ciki, rajistar mukulli tana ciki, shi kansa bai san ko har yanzu manaja ne ba. Na tafi ofishin hukumar, aka ce magana tana kotu, ba mai ikon karɓar komai daga hannun kowa. Na buga waya hedikwata daga wajen masu kiran waya na bakin titi, tana ta ƙara ba mai ɗauka. Ba za a ɗauke ni ba sai an sallame ni, ba za a sallame ni ba sai na miƙa mukulli, wanda zan miƙa wa kuwa an ce yana tafe. Kwana biyar ina wannan zagaye, takalmina har ya ɓule.

Emeka bai yi zagayen ba. Ya tono wasu tsofaffin takardu biyu masu tambarin banki a gidansa, ya kai wa masu buga takardu ɗaya suka buga masa sallama, Manaja ya sa hannu, shi kuma ya zuba mukullinsa a ambulan ya ba Manaja. Da yamma ya zo har Fagge ya same ni, ya kawo mini ragowar takarda guda, fara fes.

"Nasiru, ga taka. Gobe ka kai wa Manaja, ka ba shi mukullin, Litinin mu fara aiki."

"Naka yana wajen wa?"

"Wajen Manaja mana."

"To in na ba shi nawa, ai sun haɗu a hannu ɗaya ke nan."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Haba Nasiru! Wane hannu ɗaya? Bankin ya mutu! Gawa kake yi wa gadi?"

"Kotu ba ta ce ya mutu ba. In gobe aka buɗe, aka ce wani abu ya ɓata a ɗakin nan, sunan wa za a kira?"

"In gobe ba a buɗe ba fa, 'ya'yanka ƙa'ida za su ci?"

Ya ajiye mini takardar ya tafi. Kada ku ɗauka ina zargin Manaja da wani nufi, mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa. Shi ma da na je cewa ya yi, "Kawo kawai, Malam Nasiru, wa zai sani?" Wannan kalmar ce ta ƙara tsorata ni. Ga Alhaja da irinta da yawa da na kai bankin nan da bakina, dukansu sun san ni ne mai mukulli. Na riƙa ganin ranar da za a ce ɗakin ajiya wayam ne, a tambaye ni ina mukulli, in ce na bayar a ƙarƙashin bishiya ba rajista ba shaida. Sai kuma in juya in ga Ummi da jakar makarantarta. Gaba kura baya sayaki. Na tambayi limamin masallacinmu, ya ce amana abu ce mai nauyi, amma haƙƙin iyali ma yana da nauyi, in yi istihara. Na yi, na tashi kamar yadda na kwanta.

Ana gobe wa'adi zai cika, mahaifiyarku tana tsince shinkafa a tsakar gida ta yi maganar da ba ta taɓa yi mini irinta ba.

"Malam, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ka fahimtar da ni. Mukullin nan yana buɗe ƙofa?"

"Shi kaɗai a'a."

"In an haɗa su biyun, Manaja zai iya shiga?"

"Akwai sarƙa da ɗan sanda."

"To me kake tsarewa?"

"Sunana nake tsarewa, Saude."

"Sunanka," ta ce, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "To Allah ya sa su karɓi suna a makarantar yarinyar nan."

Ranar wa'adi na yi wanka na sa kwat, takardar Emeka tana aljihuna, mukulli a wuyana. Na je har darbejiya, na ga Manaja zaune, na gaishe shi, na sa hannu a littafi. Sau uku ina kai hannu wuyana ina dawo da shi. Ba zan ce muku na yanke shawara ba, don ƙarya zan yi. Zama kawai na yi ina jiran wani abu ya faru, ko tawagar ta ɓullo, ko waya ta yi ƙara da labari, har aka kira la'asar. Aka ba wani gurbina. Emeka ya fara aiki ran Litinin, ya kai har mataimakin manaja kafin ya yi ritaya, kuma bai taɓa goranta mini ba.

Da sabon zango ya zo muka mayar da ke makarantar gwamnati ta unguwa, Ummi, inda kuke zama a ƙasa don kun fi ƙarfin aji. Ba ki yi kuka ba, tambaya ɗaya kika yi, yaushe za ki koma taku. Na ce in an buɗe banki. Mahaifiyarku ta sayar da 'yan kunnenta, ta fara soya awara a ƙofar gida. Reshen darbejiya ya riƙa raguwa, wannan ya koma garinsu, wancan ya kama acaɓa da hular kwano don kada a gane shi, har muka rage mu huɗu, daga baya ni da Manaja. Ni dai ina nan ina jiran gawon shanu, da laktaye.

Sai da shekara ta kusa zagayowa aka aiko cewa ma'aikata su zo, tawaga ta iso. Na tafi da sassafe, zuciyata fes, ina cewa yau za a san wanda ya riƙe amana. An cire sarƙar. Ciki duk yana da warin rufi, sallayata tana inda na bar ta. Wani jami'i yana zaune a teburin Manaja da tarin fayil. Da layi ya zo kaina na ciro jakar fatar, na kwance ta, na ajiye mukullin a gabansa da hannu biyu, na ce a kawo rajista in sa hannu.

"Mukullin mene ne wannan, Malam?"

"Na ɗakin ajiya, ranka ya daɗe. Tun ranar da aka rufe bai bar wuyana ba."

Ya juya ya nuna mini da biro. Na leƙa. Ƙofar ɗakin ajiya tana jingine da bango, an yanke ta da wutar walda, har wurin yankan ya yi tsatsa.

"Ai tun makon farko aka kwashe abin da ke ciki aka kai ajiya," in ji shi. "Ta ƙofar baya aka shiga. Ba a gaya muku ba?"

Na ce ba a gaya mana ba. Na ce to ya karɓa dai, ya rubuta cewa na miƙa. Ya duba takardunsa sama da ƙasa, ya ce babu gurbin mukulli a fom ɗinsa, in tafi da shi in ina so. Na ce takardar sallama fa? Ya ce bankin da zai sallame ni babu shi a doka, wanda babu shi kuwa ba ya sa hannu. In rubuta sunana a jerin masu jiran haƙƙi, za a sanar da mu. Ba wulaƙanci ya yi mini ba, har "sannu Malam" ya ce. Na tsaya ina kallon ƙofar nan, ina lissafin cewa duk watannin da na yi ina kallon gaban gini, bayansa a buɗe yake. Na ɗauki sallayata na fito, na bar mukullin a kan teburin, jami'in ya biyo ni da shi har bakin titi ya ce na yi mantuwa.

Da ƙafa na dawo Fagge. Mahaifiyarku tana bakin kaskon awara, ta dubi fuskata, ta ce Alhaja ta ce in na gama da bankina in same ta a shago gobe, tana neman mai kula mata da sito. Har yau ban sani ba ko don ta yarda da ni ne, ko don ta riƙa ganina kusa ko kuɗinta zai fito. Haka kuma har yau in na kwanta ina juya maganar: wata rana in ga na yi daidai, don ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa a kotu ko a kasuwa da hujja; wata rana in ga ni ne wawan da ya fi kowa a layin nan.

Ina zaune a zaure ban ko cire takalmi ba kika dawo daga makaranta, Ummi. Kin ji a unguwa an ce an cire sarƙar banki. Kika jefar da jaka, kika shige ɗaki da gudu, kika fito rungume da tsohon yunifom ɗinki, wanda ashe duk Asabar kike roƙon mahaifiyarku ta goge miki shi.

"Baba, an buɗe ko? Ran Litinin zan koma?"

Na dube ki, na ji bakina ya faɗi abin da aka yi shekara ana faɗa mini.

"Ki jira tukuna. Za a sanar da mu."

Kika ce to, kika ninke shi kika mayar akwati. Kika yi ta jira har ya yi miki kaɗan, aka ba ƙanwarki tana wanke-wanke da shi, ba ki kuma sake tambayata ba. Na san amsar tun ranar, a zauren nan, na kasa furta ta. Amsar a'a ce, Ummi, ba za ki koma ba, kuma ba banki ne ya hana ba, ni ne. Ki yafe mini.